Yinin Laraba da littattafan kwamandojin yaƙin basasar Najeriya

Tun safe na baje littattafai biyu ina bin su babi-babi: My Command na Olusegun Obasanjo, bugun 1980, da The Tragedy of Victory na Godwin Alabi-Isama, bugun 2013. A runduna ɗaya suka yi yaƙi, wato ta uku, amma kai ka ce yaƙi biyu suke ba da labari.

Obasanjo ya karɓi rundunar daga hannun Benjamin Adekunle a watan Mayun 1969, wata takwas kafin Biyafara ta miƙa wuya a Janairun 1970. Littafinsa kuwa ya fito bai jima da sauka daga mulki ba, sunansa na tashe. Mai karatu sai ya tashi da cewa a wargaje rundunar take kafin zuwansa. Kama Kalaba a Oktoban 1967 da Fatakwal a Mayun 1968, duk a ƙarƙashin Adekunle, sai suka dusashe. Alabi-Isama ya fito da hotuna da taswirori yana musantawa, amma bayan shekara 33, labarin farko ya riga ya zauna a zukatan mutane.

Bayan azahar na koma kan gumurzu guda, na Owerri, garin da Biyafara ta ƙwato a Afrilun 1969, na haɗa da littafin Alexander Madiebo, shugaban sojan ƙasa na Biyafara. A nan ake gane gaskiya. A fara duba muƙamin marubuci a ranar: yana fagen daga ne, ko rahoto ya iske shi a hedikwata? Sannan a jera ranaku, a bi taswira. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne adadin mamata da dalilin shan kashi. Nasara, kwamanda ya ce dabararsa ce; in an kwashi kashi a hannu, sai a ɗora wa ƙarancin harsashi ko na sama da shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne waɗanda ba su rubuta ba. An kashe Murtala Muhammed ranar 13 ga Fabrairun 1976 bai rubuta nasa labarin yaƙin ba. Yunƙurin rundunarsa, wato ta biyu, na tsallake kogin Kwara zuwa Onitsha, da kwanton ɓaunar da Biyafara ta yi mata a Abagana a Maris 1968, daga bakin wasu muke jin su. Su kuwa ƙananan sojoji da mutanen Asaba da aka kashe a Oktoban 1967, da ƙyar suke samun layi biyu a littafin janar.