Ƙwayar da nake gwada maganin tibi a kanta

Ɗakin gwajinmu ba shi da izinin ajiye ƙwayar tarin fuka, wato tibi. Ita sai ɗaki mai matakin tsaro na uku, inda ko iska ba ta fita sai an tace ta. Don haka da aka ba ni aikin gwada sinadaran da muka tatso daga tsirrai, malamina sai ya miƙo mini Mycobacterium smegmatis, 'yar danginta da ke zaune cikin ƙasa da ruwa, wadda da wuya ta taɓa mai lafiya. Nau'in mc²155 muke da shi, wanda ya fito daga ɗakin gwajin William Jacobs a New York a 1990.

Saurinta ne ya fara saye ni. Ƙwayar tibi sai ta yi kusan awa 20 kafin ta rabu biyu, a yi sati uku ko huɗu ana leƙen farantin da aka shuka ta kafin ta fito. Wannan kuwa awa uku zuwa huɗu ta ninka. Ka shuka ta Litinin, Alhamis ga ta nan ta fito, busasshiya, a yamutse kamar ƙanzo.

Halinta ɗaya ne ke ba da ciwon kai, wato dunƙulewa. Fatarta kitse ce. In ba a ɗiga Tween 80, wani sinadari mai kama da sabulu, cikin ruwan 7H9 da ake rainon ta a ciki ba, sai ta cure ta manne a jikin kwalba, na'urar auna yawanta ta ba ka wata lamba yanzu, anjima ta ba ka wata. Ni dai ba na auna komai sai na ɗaga kwalbar ga haske na ga ruwan ya gauraye sumul.

Sannan ba kullum take faɗin gaskiya game da 'yar'uwar tata ba. Rifampicin, ginshiƙin maganin tibi, ba ya cin ta sosai, domin tana da sinadarin da ke kashe masa kaifi. Pyrazinamide, wani maganin tibin, ko a jikinta. In ka zuba ta cikin ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye cuta, su gama da ita, alhali ta tibi a cikinsu take shimfiɗa tabarma.

Duk da haka ban raina ta ba. A kanta aka fara ganin ƙarfin bedaquiline, maganin da hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a 2012 don tibi mai bijire wa magani.

Sinadaran da suka hana ta tsiro mun ware su a firiza. Malam ya rubuta wa wani ɗakin gwaji mai tsaro na uku don a gwada su kan ainihin ƙwayar tibi, sun ce mu bi layi.