Waƙafin Ƙarshe da Sunan Sa'adatu

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja, bari in ba ku labarin aikin da na fara karɓar kuɗi a kansa. Wata makarantar firamare mai zaman kanta ce ta ce in rubuta mata 'yar manhaja da za ta jera sunayen ɗalibai a layi ɗaya, da waƙafi tsakanin kowane suna, don a tura wa malamai ta saƙon tes. Da harshen rubuta manhaja na Python na yi. Na fara da rubutu fanko, na bi jerin sunayen da `for`, kowane zagaye ina ƙara suna da waƙafi da sarari ta hanyar `+=`. Sakamako ya fito: Amina, Bala, Ladi, ga waƙafi a ƙarshe yana reto. Sai na sa `[:-2]` ya datse haruffa biyu na ƙarshe, na ɗauka na gama.

Bayan mako biyu aka ce in cire sararin da ke bayan waƙafi, saboda saƙon tes ɗaya haruffa 160 kawai yake ɗauka. Na cire, na manta da datsewar. Daga ranar, yaron da ya zo ƙarshe a kowane aji sai ya rasa harafi: Ladi ta koma Lad. Malamar ajin ce ta gano, ni ban gani ba.

Layi ɗaya ne maganin wannan duka: `", ".join(sunaye)`. Abin rabawa yana shiga tsakanin suna da suna ne kawai, ba ya zuwa ƙarshe, kuma idan jerin babu kowa, rubutu fanko zai dawo ba tare da rigima ba. Za ku ga kamar an juya tsarin, tunda waƙafin ne a gaba, jerin yana ciki. A JavaScript akasin haka ne, `sunaye.join(", ")`. Ku saba da tsarin na Python, domin hakan ne ya sa `join` ke karɓar duk abin da za a iya bi ɗaya bayan ɗaya, ko da ba jeri ba ne.

Akwai kuma maganar nauyi. A Python, rubutu da zarar an ƙirƙira shi ba ya canzawa, don haka `+=` kan iya sake kwafar duk abin da aka tara a kowane zagaye. Ku lissafa da kanku: sunaye 10,000, kowanne haruffa 10, kwafar za ta kai haruffa kusan miliyan 500, alhali rubutun ƙarshe 100,000 ne kacal. CPython, manhajar da aka fi amfani da ita wajen gudanar da Python, yana da dabarar da takan rage wannan, amma PEP 8, kundin salon rubutun Python na 2001, ya ce kada a dogara da ita, a yi amfani da `join`. Java ma tana da StringBuilder saboda wannan matsala, kuma ta ƙara `String.join` a Java 8 cikin 2014.

Idan lamba ta shiga jerin, kamar makin jarrabawa, Python zai tsaya ya yi ƙorafin TypeError, sai kun mai da ita rubutu da `map(str, maki)`. A da haushi yake ba ni. Yanzu na fi son hakan a kan JavaScript, wanda ke mai da `null`, wato gurbin da babu komai, rubutu fanko shiru, ku tarar da waƙafi biyu a manne ba ku san wa ya ɓace ba.

Amma kuskuren da har yau nake jin nauyinsa ya zo ne bayan na iya `join`. Na ji daɗinta har na riƙa gina umarnin SQL, harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, da ita, ina liƙa sunan ɗalibi kai tsaye cikin umarnin da ke zuwa rumbun bayanai. Komai lafiya, sai da aka zo rajistar wata yarinya mai suna Sa'adatu. Alamar nan ta sama da ke tsakiyar sunanta ita ce SQL ke ɗauka a matsayin ƙarshen rubutu, sai umarnin ya karye. Mahaifinta yana tsaye a ofis da takardu a hannu, akawu na ta latsawa, manhaja na ta ƙi. Ga mu da Rabi'u da Sa'idu da Ma'aruf da Asma'u a kowane aji, kuma ban gwada ko ɗaya ba, da sunaye marasa alama na yi ta gwaji. Daga baya na fahimci wannan ƙofar ce mugu ke bi ya cusa nasa umarnin ya kwashe ko ya goge bayanai.

`join` manne kawai take yi, ba ruwanta da abin da ke cikin rubutun. Don haka idan rumbun bayanai za ku aika wa, ku sa `?` a gurbin sunan kamar yadda `sqlite3`, kayan aikin Python na rumbun bayanan SQLite, ya tanada, ku miƙa sunan daban. Idan fayil ɗin CSV za ku rubuta, wato tebur da waƙafi ke raba ginshiƙansa, ku ɗauko `csv.writer`, domin adireshi ɗaya mai waƙafi a ciki ya isa ya ture dukkan ginshiƙai gefe. Kafin ku miƙa aiki, ku gwada shi da jeri fanko, da jeri mai suna ɗaya, da Ɗahiru mai ƙugiya, da Sa'adatu.