Dutse da takarda

Yau a ajinmu na firamare a Mabera, nan Sakkwato, na saki dutse da takarda lokaci guda. Dutse ya riga sauka. Yara suka ce, "Malam, ai ya fi nauyi!" Na dunƙule takardar, na sake sakin su. Tare suka faɗi. Aji ya yi tsit.

Duk ƙasa ce ke jan su, iska ce ke tare buɗaɗɗiyar takarda. A 1971 ɗan sama jannati David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata, inda babu iska, tare suka sauka.

Wata yarinya ta ce, "To buta da ke kan tebur fa?" Wallahi na ji daɗin tambayar nan. Ita ma ana jan ta, teburin ne ya tokare ta.