Ina babur zai kwana?

Laifin ƙanena ne muka bar Ngaundere ta ƙasar Kamaru a makare, ko da yake har gobe shi cewa yake laifin bakanike ne. Mun yi shirin fita da an sallame asuba, sai ga sarƙar babur ta saki, mai shagon da za mu sayi sabuwa kuma bai buɗe ba sai wajen ƙarfe tara. Kafin a ɗaura, a ja, a gwada, a sha shayi, har an kira azahar. Marwa za mu, ɗaurin auren ɗan kawunmu ranar Asabar, wannan kuwa Laraba ce cikin watan Janairu. Babur ɗaya ne, Boxer, ni ke tuƙi shi yana baya, da jakar kaya ɗaure da robar tayar mota da galan ɗin mai na lita biyar.

Daga Ngaundere zuwa Garwa kusan kilomita 280 ne a kan babbar hanya mai lamba 1, wadda ta miƙe har Kuseri. Wanda ya yi sammako zai yi la'asar a Garwa hankali kwance. Mu kuwa rana ta riga ta karkata lokacin da muka fara gangara falez, wannan doguwar gangarar da ke sauke matafiyi daga tudun Adamawa zuwa kwarin Binuwai. Ngaundere tana sama da mita 1,000, Garwa kuwa ba ta wuce mita 200 da 'yan kai ba, to a jikinka za ka ji bambancin: ka fito da rigar sanyi, kana sauka kana kwance maɓalli. A kwanonin falez ɗin akwai gawarwakin manyan motoci da birki ya ci amanarsu, kowace ka wuce sai ka ji ƙafarka ta koma kan birki da kanta.

Mun wuce Mbe da kaɗan tayar baya ta yi faci. Turawa muka yi har wurin wani yaro mai faci a gindin bishiya, shi ma gam ɗinsa ya bushe, sai da ya aika aka aro. Da ya gama, rana ta yi ja.

"Yaya, mu ja kawai," in ji ƙanena. "Ƙarfe goma muna Garwa."

Na ce masa ko kusa. Abin da ke gabanmu daji ne mai tsawo, hanyar tana bin gefen gandun dajin Binuwai, garuruwa jefi-jefi. Kwaltar ta mutu a wurare da yawa, ramin da za ka kauce wa da rana shi zai kayar da kai da dare. Direbobin manyan motoci ba sa rage fitila don babur, su dalle ka ka makance, ga shanu suna tsallakawa ba sallama. Ban ma ambaci waɗanda ake kira zargina ba, 'yan fashin hanya da duk wanda ya tashi a arewacin Kamaru ya girma da labarinsu. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, fataucin goro ya yi, kuma abin da ya fi nanata mana shi ne zango tun da sauran rana ake nemansa. Da ina yaro na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai. Sai da na fara doguwar tafiya a babur na gane dalilin: baƙon da ya shigo gari da rana an ga fuskarsa, wanda ya shigo da dare fitila kawai aka gani da ƙarar inji, kuma a zamanin nan ba wanda ke murna da wannan.

Ƙauye na gaba da muka ga hasumiyar masallaci muka tsaya. Babu oberj, wato ƙaramin masaukin haya, babu otal, babu ko rumfar haya. Muka yi alwala muka bi magariba, da aka sallame na matsa na gaida liman. Fulatanci na soma da shi, "Jam na?", sai ya amsa mini da Hausa tsantsa, ashe kakansa daga ƙasar Kano ya zo. Na faɗa masa inda muka fito da inda za mu. Bai ce komai ba sai da ya kai mu wurin jauro, mai garin. Jauro ya karɓi katin shaidarmu ya haska da tocila, ya juya gaba ya juya baya, ya tambayi unguwarmu a Ngaundere da sunan mahaifinmu, sannan ya ce a share mana jauleru, wato zaure.

Kafin in buɗe baki in yi tambayar da ke cina, sai ɗansa ya kama kan babur ɗin ya ce mu ɗaga baya. Ƙofar zauren tana da dakali mai tsayi, sai da muka ciccibe shi mu uku. Ya jingine shi a bango, ya sunkuya ya rufe makunnin mai da hannunsa, ya kwance galan ɗin ya fita da shi bayan rumbu, saboda a zauren ake hura gawayin shayi. Wannan yaro bai taɓa aikin otal ba, amma ya san abin da masu otal da yawa ba su sani ba: mai babur ba ya barci sai babur ɗinsa ya kwanta. Mai mota ya kulle ƙofa ya tafi. Babur kuwa mutum biyu sun isa su ɗauke shi cak su jefa a bayan a-kori-kura, ko da makulli goma a wuyansa.

Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, muka ci har muka side kwano. Tabarma ce da bargo ɗaya, sanyin asuba ya shigo ta ƙarƙashin asabari ya same mu, ƙanena ya kwana yana jan bargon. Amma hannuna na iya taɓa tayar gaba daga inda nake kwance, na yi barci kamar an yanka ni. Da safe ban yi gangancin miƙa wa jauro kuɗi ba, wannan cin fuska ne. Sukari da ganyen shayi da goro da na ƙunso daga gida na ajiye a gabansa, ya sa albarka. Duk mai bin wannan hanya a babur, ya bar wa irin wannan ƙunshi wuri a jakarsa, ya fi kwalbar turare amfani.

Alhamis muka bi ta Ngong, auduga an tara ta tsibi-tsibi fara fat a bakin ƙauyuka tana jiran motocin kamfanin auduga na Sodecoton. Kafin azahar muka hau gadar Binuwai. Da mun so, da mun zarce Marwa a ranar, kilomita 200 da 'yan kai ne, amma ina da saƙon da zan karɓa a kasuwa, bayana kuma ya fara kuka. Muka ce a Garwa za mu kwana. 'Yan'uwa muna da su a garin, sai dai duk sun riga mu yin gaba wurin biki.

A nan ne na tafka wauta, ni da nake yi wa yaro wa'azi jiya.

Garwa ba ta rasa manyan otal ba, musamman tun gasar ƙwallon Afirka ta farkon 2022, lokacin da Najeriya ta buga wasanninta a filin Rumde Ajiya, ta cinye uku a jere, Tunisiya ta zo ta fitar da ita da ci ɗaya. Amma kuɗin kwana ɗaya a irin waɗannan ya ci man zuwanmu da dawowa. Ƙananan oberj muka bi. Na farko kusa da tasha ne, da araha, ɗakin ma ba laifi. Na ce, "Ina babur zai kwana?" Yaron ya nuna mini bakin titi, ya ce akwai maigadi. Na dubi maigadin, dattijo ne da ke gyangyaɗi a kan benci da rana tsaka. Wanda ke barci da azahar, me zai yi da ƙarfe uku na dare? Muka yi gaba.

Na biyu yana da katanga da ƙofar ƙarfe da fili a ciki, har da bishiyar mangwaro. Shiru kamar makabarta. Na shiga ɗakin na yi duk binciken da na saba: na ɗaga katifa na duba ɗinkin gefe ko akwai ɗigon baƙi na kuɗin cizo, babu, na murɗa famfo, ya yi tari ya kawo ruwa, ga bokiti cike a gefe, na gwada sakata daga ciki, na cusa caja a soket, gidan sauro akwai, da huda biyu da za a iya ƙullewa. Na cika takardar baƙi da lambar katina, na biya jaka biyar ta kuɗin sefa. Abin da ban yi ba shi ne zagayawa bayan ginin. Da na zagaya, da na ga akwatunan kwalabe an jera su har sun kai taga, da manyan lasifika biyu an lulluɓe da buhu.

Muka fita muka ci gasasshen giwan ruwa, wanda a nan ake ce wa kaftin, da yaji da albasa, kifin da ko don shi kaɗai Garwa ta cancanci a kwana. Muka dawo bayan isha muka tarar da wani gari daban. Filin da na ajiye babur ya cika da kujerun roba, an ture shi can lungu kusa da makewayi. Kiɗa har bango na rawa. Ɗakunan da ke jere da namu kuwa, ƙofa na buɗewa tana rufewa duk bayan sa'a guda, ba sai an yi wa mai hankali bayani ba. Ƙanena, wanda ko aure bai yi ba, ya kafa ido a silin kamar mai karatun allo. Wajen ƙarfe ɗaya wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, na ce alhamdulillahi kiɗa ya mutu. Sai suka tada janareta, a daidai bayan tagarmu.

Sau uku na fita duba babur. A na ukun na roƙi mai kula da wurin ya bari in shigar da shi ɗaki, ya ce tayil zai ɓaci. Da asuba na taka kik, ya tashi ya mutu. Na girgiza tanki, sai ƙarar ɗan abin da ya rage a ƙasa. An zare tiyo an tsiyaye mai, an mayar da shi a karkace, ƙasan wurin duk wari. Mai kula da wurin ya ɗaga kafaɗa, ya ce shi ɗaki ya ba ni haya. Gaskiyarsa ce, ɗaki na biya.

"Yaya, zango tun da rana ake nema," in ji ƙanena, yana danne dariya. Na ce ya rufe mini baki ya kwance galan.

A bakin hanya muka ƙara zuwa-zuwa, man Najeriya da ake sayarwa a kwalabe, na tace shi da hankici saboda tsaro. Muka wuce Pitowa, sai Figil da farar ƙurar siminti, jandarmomi sun tsayar da mu sau biyu sun duba takardun babur. Daga nan ban riƙe komai ba sai gonakin masakwa, kore shar a tsakiyar rani, da barcin da ke fizgata. Ƙanena ya riƙa dukan kafaɗata yana ba ni labarin banza don kada in lumshe ido. Mun shiga Marwa ana shirin Juma'a, inuwar darbejiya ta rufe tituna, mayo, wato kogin garin, ya bushe sai yashi.

Gidan biki ba wurin sa ƙafa, mata sun cika ɗakuna, zaure ya cika da baƙi daga Kuseri da Mubi. Kawu ya ce, "Ku bi yaron nan gidan Alhaji." Alhajin fatoma ne, irin na da, a bayan kasuwa. Fatake ke sauka a gidansa, masu albasa da masu fata da masu kilishi. Ba ya yanka kuɗin ɗaki. Shi ke ajiye kaya, shi ke haɗa mai saye da mai sayarwa, a la'ada yake samun nasa. Mu da ba mu zo da haja ba, albarkacin kawu muka ci. Dogon ɗaki ne da tabarmi, kowa da jakarsa a matsayin matashi, randa a ƙofa.

Tsakar gidan ce ta burge ni. Babura goma sha ɗaya na ƙirga, an jera su kai da kai, an zura wata doguwar sarƙa irin ta ɗaure kaya a tirela ta cikin tayoyin gaba duka, an haɗa bakinta da turken ƙarfe da aka binne da siminti. Kwaɗo ɗaya, makulli ɗaya, a aljihun Alhaji. Ya dubi namu ya ce, "Ɗana, kawo shi nan ƙarshe." Ya durƙusa da kansa, da tsufansa, ya zura sarƙar.

Da dare hira ta koma kan hanyar arewa, Mora da Waza da Dabanga har Kuseri, inda tun rikicin Boko Haram ba mai hankalin da ke bari duhu ya same shi. Wani mai albasa ya ce shi ba kilomita yake lissafawa ba, garin da zai kai kafin la'asar yake lissafawa, da gidan wanda zai buga wa ƙofa a can. Kowa a ɗakin yana da irin wannan jeri a kansa: a gari kaza gidan wane, a gari kaza bayan masallaci, a gari kaza kada ka kuskura. Na ciro waya na rubuta na hanyar Garwa, har da wani bakanike da aka ce yana barin matafiya su kwana a garejinsa tare da baburansu.

An ɗaura aure lafiya ranar Asabar. Lahadi muka ƙudura sammako na gaske, mu kai Garwa da hantsi, mu wuce falez kafin magariba. Tun ƙarfe huɗu da rabi mun ɗaure kaya. Sai dai Alhaji ya tafi masallaci da makullin a aljihu, kuma shi ba ya tashi daga inda ya yi sallah sai rana ta fito. Mu biyu da wasu fatake uku muka zauna a kan babura ɗaurarru muna shan kunu. Ƙanena ya duba agogo ya ce, "To yau kuma laifin wa?" Ƙarfe bakwai saura Alhaji ya shigo yana jan carbi, ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi yadda muka kwana, sannan ya fara laluben aljihu.

A garejin bakaniken nan na Garwa muka kwana.