Jan Zakaran da Na Sayo a Hanyar Dawowa Daga Tiga

Kaji 34 nake da su a farkon Disamban bara, ban da 'yan tsakin da ban taɓa zama na ƙirga ba. Kafin watan ya mutu saura 6 a akurki. Har yau in na gifta ta gindin zogalen da muka haƙa ramin, sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji. Da ɓarawo ne ya haura katanga ko muzuru ya yi ɓarna, da tuni na haƙura. Amma ni na ɗauko abin da hannuna, na rungumo shi a bayan babur tun daga ƙasar Rano har cikin gidana.

Ni da Malam ba masu dogon buri ba ne wajen nishaɗi. Ina koyarwa a firamare, shi yana ɗinki a bakin kasuwa, muna zaune a wani ƙauye kusa da Kura. In ya dawo bayan la'asar sai ya ɗauki bokiti ya bi lalo da yakuwa da barkonon da muka jera a tsofaffin buhunan taki a jikin katanga, ni kuma in watsa wa kaji tsaki. Bayan isha'i mu shimfiɗa tabarma, a ɗora shayi mai citta da kanumfari, rediyo na yi a gefe, a ja gurbin dara a ƙasa. Shi ya koya min dara, shi da ƙirarensa 12, ni da duwatsuna 12. Na san mata ba su cika yinta ba, amma a gidanmu ana yi, kuma ina cin sa fiye da yadda yake cina.

Abin da muka fi ji da shi kuwa shi ne fitar da muke yi Asabar ɗaya a kowane wata. Tun farko muka yi yarjejeniya cewa ba za a taɓa albashina ko kuɗin ɗinkinsa don yawo ba. Kuɗin ƙwai da na zakarun da aka sayar ake jefawa cikin wani gwangwanin madara, daga nan ake sayen mai, a sayi soyayyen kifi, a yi wa Inna tsaraba. Wato kajin nan su ne ƙafarmu. Da su muka hau duwatsun Rurum, da su muka je Tiga har sau biyar. Ruwan da ke wucewa ta magudanar bayan garinmu, wanda ake noman shinkafa da tumatir da shi a Kura da Bunkure da Garun Malam, daga wannan dam ɗin yake gangarowa, dam ɗin da aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo aka kammala a 1974. Na girma ina ganin ruwan ban taɓa ganin inda yake taruwa ba sai da na yi aure. Ranar farko da na tsaya a bakinsa na kasa hango ɗaya gefen, shiru na yi na daɗe. Burinmu na bara shi ne mu tara abin da zai kai mu Baturiya, can ƙasar Haɗeja a Jigawa, cikin Janairu, lokacin da tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai suke sauka a fadamar. Gwangwanin ya kusa cika, zakaru takwas kuma suna jiran a kai su kasuwa ƙarshen shekara.

Asabar ɗin da abin ya faru mun yi sammako, hazo ya rufe hanya har Malam yana tafiya a hankali da fitila a kunne. Mun wuni lafiya a bakin ruwa. A hanyar dawowa muka ratsa wata 'yar kasuwar ƙauye don in sayi daddawa da kuka, a nan idona ya faɗa kansa. Jan zakara ne mai dogayen ƙafafu, ƙirjinsa faffaɗa, gashin wuyansa yana sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa. Na daɗe ina neman irinsa don gyara irin kajina. Mai shi ya faɗi kuɗi, na taya rabin abin da ake sayar da irinsa a garinmu don kawai a fara ciniki, sai ya ce "sallama". Nan take, ko gardama bai yi ba. A gefensa akwai wasu kaji bakwai ko takwas a ɗaure, duk nasa, har da kaza mai alamar ta taso daga kwanci. Yanzu na san abin da wannan yake nufi. Ba mai kwashe akurkinsa kaf ya kai kasuwa tsakiyar hunturu, har da uwa mai kwanci, sai wanda ya ga mutuwa ta fara shiga garinsu yana so ya fitar da abin da ya rage. A lokacin murnar araha ta rufe min ido.

Muka biya ta wajen Inna, mahaifiyar Malam. Ta karɓi zakaran ta juya shi, ta buɗe bakinsa, ta ɗaga jelarsa ta duba. Ta ce, "'Yar nan, lafiyarsa ƙalau a ido. Amma kazar kasuwa a wannan sanyin ba a gama ta da ta gida. Ki kife shi da kwando can nesa, ki ba shi kwanaki." Na ce, "To Inna, in sha Allahu." Malam ma da muka iso gida ya maimaita, har ya ɗauko kwandon da kansa ya ajiye a bayan ɗakin girki kafin ya tafi masallaci.

Da daddare sanyi ya sauko sosai. Na leƙa na ga zakaran ya takure a ƙarƙashin kwando, iska na kaɗa shi. Tausayi ya kama ni, na kuma yi tunanin muzuru. Na ce a raina dare ɗaya ba zai yi komai ba, da asuba zan fitar da shi. Na ɗauke shi na sa a akurki cikin sauran. Da safe na buɗe musu, ya fito yana cara yana bin kajin, ya sha ruwa a kaskon da kowa ke sha. Ganin haka sai na bar shi. Malam ya tambaye ni, na ce ai ka ga lafiyarsa lau. Bai ce komai ba.

Ranar Laraba zakaran ya daina cara. Ya tsaya a lungu fukafukai a sake, ido a lumshe, yana buɗe baki yana jan numfashi da wani ƙara kamar mai minshari. Kashinsa ruwa-ruwa, kore da fari. Alhamis da safe na tarar da shi a sandare. Kwana uku bayan haka na buɗe akurki na ga biyar a kwance. Akwai wata farar kaza da nake kira Uwar Gida, ita ce ta farko da na fara kiwo da ita, ƙanwar mahaifiyata ta ba ni ita bayan bikina. Ita ba ta mutu da wuri ba. Wuyanta ne ya murɗe, kanta ya juye yana kallon sama, tana ta zagaye wuri ɗaya tana so ta tsinci tsaki bakinta yana sauka a gefe. Kwana biyu ina ɗura mata ruwa da cokali. Wannan hoton ne ya ƙi fita daga kaina.

Babu abin da ban gwada ba. Na daka barkono na zuba a ruwansu, na jiƙa ɓawon maɗaci, maƙwabta suka kawo gautan kura. Na sayi kafso ɗin nan ja da rawaya na kwance a kasko. Kuɗin gwangwanin Baturiya na riƙa zara ina sayen magunguna kala-kala, duk wanda aka ce min yana yi sai na saya. Sai a mako na biyu Malam ya ɗauko wani malamin dabbobi a babur. Yana shigowa ya ga wuyan kazar nan ya ce cutar da suke kira Newcastle ce. Ya ce ƙwayar bairos ce, ba ta da magani in ta kama, kafso da barkono ba sa taɓa ta, kuma hunturu ne lokacinta. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da ya ce kaza takan ɗauke ta ta yi kwanaki biyar ko shida, wani lokaci har mako biyu, tana yawo garau kafin alama ta fito. Ke nan duk dubawar da Inna ta yi ba za ta nuna komai ba, shi ya sa ta ce a kife shi. Ta san abin da take faɗa. Ya tambaya ko na taɓa yi musu rigakafi, na ce kajin Hausa ne ai, na ɗauka na gidan gona kawai ake yi wa. Ya girgiza kai ya ce ba ruwan cutar da wannan bambancin.

Kuma abin bai tsaya a gidana ba. Akwai wata dattijuwa da muke katanga ɗaya, mijinta ya rasu, kaji tara ne jarinta, da su take sayen sabulu da omo da maganin hawan jini. Kajinmu suna cuɗanya ta wata kafa da ke gindin katangar. Bakwai suka mutu mata. Da na shiga yi mata jaje na kasa ɗaga kai, na faɗa mata gaskiya cewa ni na jawo. Ta ce, "Haba 'yata, annoba ai daga Allah take, in ba ta wajenki ta shigo ba ta shigo ta wajen wani." Na san da zuciya ɗaya ta faɗa, amma da ta yi min faɗa da ya fi min sauƙi. Wataƙila gaskiya ne cutar za ta iso ko ba ni, tunda tana yawo a gari-gari duk hunturu. Amma ta wannan karon na san ƙofar da ta bi, na san daren, na san hannun da ya buɗe akurkin.

Kusan wata guda ba a ja gurbin dara a gidanmu ba. Malam bai taɓa ce min "ai na faɗa miki" ba, ko sau ɗaya. Shi ya haƙa ramin mai zurfi kamar yadda malamin dabbobin ya ce, ya binne su, ya ƙone shimfiɗar akurkin, ya wanke kasake da ruwan zafi da sabulu. Ranar da ya ga ina ƙirga abin da ya rage a gwangwani ina hawaye, sai ya ce, "Malama, tsuntsayen nan kowace shekara suna zuwa. Ki rufe gwangwanin." Janairu ya zo ya wuce muna gida. Fabrairu ma ba mu fita ba. Fitarmu ta farko bayan haka a ƙafa muka yi ta, muka bi bakin magudana har gonakin tumatir da rake guda biyu a hannu, muka zauna a kan kunya muna kallon balbelu.

Yanzu ga yadda muke yi, ga duk mai 'yan kaji a tsakar gida kamar mu. Rigakafin Newcastle da ake kira Lasota muke ba su duk bayan wata uku, kuma muna tabbatar da an ba su kafin sanyi ya kama. Kwalbar ba ta son zafi, a filas da ƙanƙara Malam yake ɗauko ta daga cikin gari. Ƙaramar kwalba ma ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, don haka gida shida muke haɗuwa a layinmu mu raba kuɗin, rana ɗaya kowa ya ba nasa. A hana su ruwa tun asuba su ji ƙishirwa, a haɗa da ruwan rijiya a inuwa, su shanye cikin awa biyu, abin da ya rage a zubar. Wadda ta riga ta kamu ba a ba ta. Wannan duk mai sauƙi ne, kuɗinsa bai kai na kaza ɗaya ba, kuma na yi shekara huɗu ina kiwo ban sani ba.

Amma ko da rigakafin, baƙuwar kaza ba ta ƙara kwana a akurkina. Malam ya haɗa wani ɗan keji da ragowar waya da katako, ya kai shi can ƙarshen gida bayan banɗaki, da kaskonsa daban. Ya yi masa rufi da buhu ta gefen da iska ke bugowa, kuma na gane don me ya yi hakan ko da bai faɗa ba, don kada sanyi ya sake ba ni dalili. Duk wadda ta shigo, ko kyauta ce daga Inna, sai ta yi mako uku a ciki. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu kuwa ba na sayen kaza a kasuwa ko nawa aka ce. A wajen yawonmu ma yanzu tsarabata ba ta wuce daddawa, kuka, kifi busasshe. Watan jiya a hanyar Rurum wani yaro ya biyo mu da sagara biyu yana cewa in ba da ko nawa ne, na ji gabana ya faɗi, na ce wa Malam mu tafi.

Cikin shidan da suka tsira akwai kaji huɗu, su suka sake tayar min da akurkin. Yau ina da 19. Ƙyanƙyasar farko da aka yi na ware sagara uku na kai wa dattijuwar maƙwabciyata, ta ƙi karɓa sai da Malam ya shiga da kansa ya ce, "Baba, in ba ki karɓa ba Malama ba za ta yi barci ba." Saura huɗu nake bin kaina bashi, zan cika mata su a ƙyanƙyasa ta gaba. Kafar katangar kuma mun toshe ta da bulo. Asabar da ta wuce muka ba su rigakafin shiga sanyi, da daddare muka zazzage gwangwanin a kan tabarma muka ƙirga. Bai kai na zuwa Haɗeja da kwana ba tukuna, amma akwai zakaru biyar da za su isa sayarwa nan da mako shida, kuma Malam ya riga ya fara tambayar direbobin tasha hanyar da ta fi kyau zuwa Baturiya.