Watan Satumba a Spurn

Aikin kula da tsofaffi a birnin Hull na Ingila bai san Asabar ba, bai san Lahadi ba. Daga ɗaki sai wurin aiki, sai masallacin Juma'a in jadawali ya bari, sai kiran gida ta WhatsApp. Abin da ya fi damuna a farkon zuwana, har ya fi sanyi, shi ne rashin sanin inda shekara ta dosa. A Nguru da shamuwa ta sauka kowa ya san damina ta ƙarato. Nan kuwa hadari kullum, yayyafi ko yaushe.

Maƙwabcina ne ya fitar da ni daga wannan duhun. Dattijo ne da ya yi ritaya, Baba nake ce masa don bakina ya ƙi kama sunansa gatsau. Wata ranar hutuna a farkon kaka ya ɗauke ni a motarsa, tafiyar kusan awa ɗaya, muka wuce ƙauyen Kilnsea muka isa Spurn. Siririyar ƙasa ce ta yashi mai tsawon kusan kilomita 5, Tekun Arewa a hagu, bakin kogin Humber a dama. Tun da ambaliyar Disambar 2013 ta cinye hanyar, sai ruwan teku ya janye ake tsallakawa da ƙafa.

Saboda ƙasar ta tsuke, duk tsuntsun da ke bin gaɓa zuwa kudu nan yake matsowa. Da sassafe tsattsewa ke wucewa ƙasa-ƙasa, garke bayan garke, mutane kuma a tsaye da tabarau mai hangen nesa suna ƙirga suna rubutawa. Tun tsakiyar shekarun 1940 akwai cibiyar lura da tsuntsaye a wurin. Suna kafa raga mai laushi, su auna tsuntsu, su sa masa zobe mai lamba a ƙafa, su sake shi. Da rana ta ɗan yi zafi sai ƙwari su fito: mazari na shawagi a bakin tafkuna, malam-buɗe-littafi baƙi mai jan zane ya yi dafifi kan furen da ya rage. Akwai wani mai ruwan goro-goro da Baba ya ce danginsa kan tsallake Sahara su kai ƙasashenmu. Na daɗe ina kallonsa.

Amma maganar da ta zauna mini a rai ta wani ɗan tsuntsu ce mai farin maƙogwaro, wanda aka sa wa zobe a gabana. A 1969 fiye da rabin irinsa ba su komo Birtaniya ba. Masana suka bi sawu, sai suka tarar farin da ya afka wa Sahel ne ya kashe su a can. Wato mafarin yunwar da iyayenmu ke ba da labari, wadda ta ƙarar da shanu. Ban taɓa zaton wani a nan yankin Yorkshire ya ga alamar wannan masifa a cikin shingen gonarsa ba.

Da masu ƙirgar tsuntsayen suka ji daga Nguru nake, sai tambaya ta juyo kaina. Sun san sunan fadamar Haɗejiya da Nguru, wasu sun karanta labarin mafakar tsuntsaye ta Dagona, amma ba su san yadda ambaliya ta ragu bayan gina dam ɗin Tiga da na Challawa ba, balle yadda kachalla ta toshe hanyoyin ruwa ta hana masunta da manoman shinkafa sakat. Na faɗi abin da idona ya gani. Wata dattijuwa har rubutawa take yi. A ganina ƙirgar da suke yi a nan rabin aiki ce, domin ran tsuntsayen nan yana rataye ne da ruwa da itatuwan da suka rage a wajenmu.

Yanzu na san abin da ke tafe. Ƙarshen Satumba dinyoyin Sibiriya za su fara sauka kan taɓon Humber. A Oktoba, in iskar gabas ta kaɗa, wasu 'yan mitsi-mitsin tsuntsaye masu rawayar tukku, da ba su fi giram 6 ba, za su tsallako teku su zube cikin ƙaya a gajiye. Na riga na yi musayar ranar aiki da wata 'yar Gana abokiyar aikina, Baba kuma ya ce zai ara mini tsohon tabaraunsa.