Yadda jingar sassabe ta kusa raba ni da bedin mahaifina

A tsakar gidanmu da ke Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina akwai bishiyar bedi, wadda Kanawa ke kira darbejiya, da marigayi mahaifina ya dasa tun kafin a haife ni. Bedi baƙuwa ce a ƙasar nan, domin asalinta daga Indiya take, kuma a shekarar 1928 aka fara dasa ta a Borno, amma ta karɓi ƙasarmu har ta zama inuwar kusan kowace ƙofar gida. Tamu ta yi girma har wani reshenta ya tsallake katanga ya kwanta a kan kwanon maƙwabcina, kuma duk daren da iskar hunturu ta taso sai ya yi ta gugar kwanon yana hana iyalinsa barci. Da ya yi mini magana cikin mutunci bayan sallar asuba, sai na ga babu sauran uzuri.

Kuskuren da na fara yi a wurin jinga ne. Na kira wani mai faskare, ya zagaya bishiyar sau biyu, sannan ya ce, "Alhaji, ba sai ka ba ni ko kwabo ba, itacen da na sara shi ne ladana." Na ji daɗi, na tafi aiki ina ganin na yi arha. Ban yi tunanin cewa mutumin da ladansa itace ne ba zai tsaya a reshe ɗaya ba. Da na dawo da la'asar na tarar ya yi wa bedin kwalkwabo, babu abin da ya rage sai gangar jiki da dungulmi huɗu, amalanke biyu kuma sun riga sun fita da kaya. Mahaifiyata, wadda ta shekara arba'in tana tsince shinkafa a wannan inuwa, ta ɗaga kai ta dubi sama, ta ɗauke tabarmarta ta shige ɗaki ba ta ce uffan ba.

Ɓarnar ba ta bayyana duka a ranar ba. Da yake daga sama kawai ya riƙa sara da gatari, nauyin kowane reshe ya ɓalle da ɓawo, ya bar doguwar tsaga a jikin bishiyar, kuma ta nan gara da ruɓa suka samu ƙofa. Da damina ta faɗi, bedin ta yi tofo mai yawa, har na ɗauka ta warke. Ashe rassan da ke fitowa a bakin dungulmi ba su da ƙarfin riƙo, saboda a gefen ɓawo suke maƙale, ba daga zuciyar itacen suka taso ba. Bayan shekara biyu, hadarin farko na watan Yuni ya karya biyu daga cikinsu, ɗaya ya faɗa daidai kan kwanon da na yi niyyar kārewa, kuma ni na biya kafinta.

Ƙanena da ke zaune a Manitoba ta ƙasar Kanada ya yi mini dariya a waya. Ya ce a can da sanyi ake yi wa yawancin bishiyoyi aski, lokacin da suka zubar da ganye suka daina girma, kuma akwai wata bishiya mai suna elm da doka ta hana a taɓa reshenta daga 1 ga Afrilu zuwa 31 ga Yuli saboda ƙwaron da ke yaɗa mata cuta. Ya ce shi ba ya barin kowa ya hau bishiyarsa sai ya nuna takardar inshora. Na ce masa mu nan inshorarmu ita ce maigida ya tsaya da ƙafarsa.

A karo na biyu na nemi shawarar wani tsohon malamin daji da muke masallaci ɗaya. Ya zo da alli ya shata rassan da za a cire, bai yarda a wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen ba. Ya sa na biya mai aikin kuɗi a hannu, itacen kuma ya zauna a gida. Ya tsaya a ƙasa yana cewa, "Yaro, fara ta ƙasa." Sai a ɗan yanka reshen daga ƙasa da zarto, a koma sama a ɗan gaba kaɗan a datse shi, igiya tana riƙe da shi har ya sauka a hankali, sannan a cire guntun da ya rage a bakin kumburin da ke gindin reshen ba tare da an shafi kumburin ba, domin daga nan ne sabon ɓawo ke rufe ciwon. Da mai aikin ya nufi mangwaron da ke bayan ɗakin girki, malamin ya dakatar da shi, ya nuna masa furen da hunturu ya fito da shi, ya ce wannan sai an gama cin 'ya'yansa.

Bedin ba ta koma siffarta ta da ba, kuma tsagar nan tana nan a gefen gabas, ina duba ta kowane wata ina kankare ƙasar da gara ta ɗora. Bana dai inuwarta ta sake kaiwa bakin ɗakin mahaifiyata, kuma tabarmar ta fito.